Ƙofar da Aka Juya Gabas

Shafi na 31

Masu turo min saƙo cewa Griselda ta cika taurin kai, wai in ɗan rage mata: ba abin da zan rage. Mace ce da ta yi shekara tara tana kiwon ƙwari ana yi mata dariya. Ku bar ta yadda take.

*

Tasi ya tsaya a bakin hanyar gonaki, daidai inda ta nuna. Griselda Veizaga ta fito da jakarta a kafaɗa. Wata takwas ta yi a Brazil tana koyon yadda ake tafiyar da ɗakin gwaji, domin sai da wannan takardar za a ba sabuwar cibiyar bincikenta lasisi. Daga tashar mota ko gida ba ta biya ba. Gininta take so ta gani.

Bango ta tarar a gabanta. Fari tas, sabon fenti, babu ƙofa. A can samansa bakin wani bututu mai faɗi, an rufe shi da raga.

Direban ya leƙo ta taga.

"Dakta, in zagaya da ke? Ƙofar tana baya, ta wajen dutse."

"Ƙofar tana nan."

"To, ke kika yi karatu. Ni dai ban gan ta ba."

Ta bi jikin bangon da ƙafa, tana ƙirga tagogi. Kowace taga tana nan. Kowane ɗaki yana nan. Sai dai abin da ya kamata ya kalli dutse yana kallon hanya, abin da ya kamata ya kalli hanya yana kallon dutse. An ɗauki ginin gaba ɗaya an juya shi.

A hotunan da ake turo mata ƙofa take gani, da fale-falen ƙasa, da fanfuna. Ba wanda ya taɓa ɗaukar mata abin da ke bayan mai hoton.

A bakin ƙofar ta sami Doña Primitiva, matar da ke kula mata da ƙwarin da kajin da suke shan jininsu tun farkon aikin. Tana zaune a kan bulo, da kwalba a cinyarta, ta rufe ta da gefen mayafi kamar jariri.

"Kin rame," in ji Doña Primitiva.

"Buɗe min."

"Ki sha ruwa tukuna."

"Doña Primi."

Matar ta yaye mayafin.

Ƙwarin binchuka ashirin, duk a kwance da bayansu, ƙafafu a sama. Ɗaya ce kawai ke ɗan motsi.

Griselda da kanta ta ba da umarnin ta waya: a ɗebi ashirin daga tsohon ɗaki, a kwana uku da su a sabon, a ga yadda za su yi kafin a kwaso sauran. Sauran dubu shida ne. Ƙwari ne masu ɓuya a tsagar bangon laka, su ciji mutum yana barci, su bar masa ciwon da zai kwanta shiru shekara ashirin kafin ya kumbura masa zuciya. Shi ya kashe mahaifinta bara. Amma nata dubu shidan ba irin na gidajen mutane ba ne. Tun kakannin kakanninsu ba su taɓa shaƙar maganin feshi ba. Da su ake auna kowane sabon magani, a gane ko yana kisa ko ƙwarin ƙauye sun fi ƙarfinsa. In suka shaƙa sau ɗaya, ma'aunin ya tashi aiki.

"Yaushe?"

"Jiya da hantsi suka fara rawa. Na ɗauka zafi ne, na ƙara sanyi. Da na ƙara sai suka faɗi."

"Da kika ƙara, sai injin sanyin ya ƙara zuƙo iska."

"Daga ina?"

Amsar ta taho da kanta. Daga ɗaya gefen ginin ana jin ƙarar famfon feshi, fiit, fiit. Gonar tumatir ce, layinta na farko taku goma daga bangon. Mai gonar yana feshi sau uku a mako, kamar yadda kowa ke yi a kwarin San Isidoro.

Shekara guda cur ta yi tana zuwa wannan fili kafin a haƙa ko rami ɗaya. Ta kafa sanduna, ta ɗaura tsummoki, tana rubuta inda iska ta kaɗa su safe da yamma. Manoma suka sa mata suna mai shanya babu wanki. Ta bar su suka yi dariyarsu, ita ta sami abin da take nema: iskar kwarin daga gonaki take tahowa ta daki bangon yamma. Shi ya sa ta ba yamma ƙofar mutane, mai ninki biyu, ta kai bututun da ƙwarin za su shaƙa gabas, a bayan gini, yana kallon dutsen da ko ciyawa ba ta fita a kansa.

Yanzu bututun ya buɗe baki a saitin tumatir.

Ta ciro waya ta kira Dakta Antezana, shugaban sashensu a jami'a, can birni.

"A'a, 'yar Brazil ta dawo. Kin ga fadarki?"

"An juya ginin."

"An me?"

"An juya shi. Gaba ya koma baya. Kai ka zo nan sau nawa?"

"Sau biyu. Na ga gini mai kyau."

"Ka buɗe zanen?"

"Ni likita ne, Griselda, ba magini ba."

Ta gaya masa maganar ashirin ɗin. Ta san halinsa: ba damuwa zai yi ba, neman ta inda abin zai amfane shi zai yi.

"Sufeton lasisi yana zuwa Juma'a," ya ce.

"Na sani."

"Kuma masu tsohon ɗakin sun ce ƙarshen wata ku kwashe kwalabenku. Ba za a tsawaita ba."

"Wannan ma na sani."

"Ba za a iya karkata bututun ba?"

"A cikin kankare yake. Kuma ba shi kaɗai ba ne, duk hanyar iskar ginin a jere take, daga ɗaki mai tsabta zuwa mai datti. Sai an fasa rufi. Wata uku."

"To ga yadda abin yake, kuma ba ni na rubuta dokar ba. In laifin masu gini ne, kamfani ya gyara, majalisar jami'a ta ba ki wata ukun, mu nemo wa ƙwarinki wurin fakewa. In kuwa daga ɓangarenmu aka amince, majalisa za ta ce abin da ta daɗe tana son faɗa."

"Cewa ƙauye ba wurin bincike ba ne."

"Cewa a dawo da komai birni, a ba wanda zai iya."

"Wanda zai iya, ko ɗan ƙanwarka?"

"Ki iya bakinki."

"Shekara tara ina iya shi. Ka ba ni ɗakin ajiyar tsintsiya, na yi aiki a ciki. Ka cire sunana daga takarda biyu, na rubuta ta uku. Wannan karon ba zan yi shiru ba. Ba a juya gini ba tare da takarda ba. Wani ya sa hannu, kuma ko waye shi, ni zan rubuta sunansa a rahoton da hannuna."

"Ki kira injiniyan mana."

"Na kira shi tun ina hanya, don mu gaisa. Wayarsa a kashe, an ce ya tafi wani aiki Santa Cruz."

"To ga ni nan tafe. Dama ina kusa, na zo taro a garin da ke gabanku. Ki nemo takardar kafin in iso."

Ta kashe wayar. Doña Primitiva tana kallon ƙasa.

"Ina Don Zenón?"

"Yana shafen gidan kaji."

"Kin san wani abu?"

"Ni kaji na sani."

Don Zenón Aruquipa shi ne shugaban maginan. Shekararsa sittin da takwas, kuma shi ya riƙe Griselda a coci ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa take kiransa Padrino. Shi ya saya mata takalmin makaranta na farko. Ita ta matsa wa kamfani sai da suka ɗauke shi, ta ce musu duk kwarin babu mai miƙe bango kamarsa.

Ta same shi a durƙushe yana jan siminti a gindin bango, kumatunsa ɗaya a cike da ganyen koka da yake taunawa. Leburori biyu da ke tare da shi suka ga fuskarta, suka tuna suna da aiki a wani wuri.

Ya ɗago, fuskarsa ta washe.

"'Yata."

"Padrino."

"Ba ki rungume ni ba."

"Hannunka da siminti."

"Da can ma da siminti kike rungumata."

Ta ajiye kwalbar a kan bulo a gabansa. Ya dube ta, ya dubi ƙwarin, ya ajiye cokalin gini a hankali.

"Ba su ji daɗin sabon gida ba?"

"Wa ya juya min gini?"

"Ni."

Ta ɗauka zai yi kwana-kwana.

"Kai."

"Da igiya da turaku. Rabin yini ya ɗauke ni. Ko tsawon yatsa ban rage miki ba, ki auna."

"Me ya sa?"

"Ƙofarki tana kallon faɗuwar rana."

"Sai me?"

"Kin san sai me. A nan aka haife ki."

"Na san abin da tsofaffi ke faɗa a wurin shan giyar masara."

"Shekara arba'in da ɗaya ina gini. Gidaje, makaranta, ɗakin shan magani, har da gidan yari guda. Ban taɓa buɗe ƙofa ta kalli yamma ba. Can matattu ke tafiya. Ƙofar yamma fitar da mutum take yi, ba ta shigo da shi."

"Ɗakin gwaji ne, Padrino. Ba ɗakin amarya ba."

"Mutum ne zai riƙa bi ta ƙofar. Ke ce."

Ta nuna masa bututun da ke can sama.

"Ka san aikin wancan?"

"Iska."

"Hancin ginin ne. Ka ɗauki hancinsa ka cusa a cikin feshin tumatir. Shekara tara, Padrino. Da babu kaji na ba su hannuna suka sha. Da aka ɗauke wuta na ɗumama kwalabe da jikina. Ranar da Baba ya faɗi a gona ina wurinsu, ban iso ba sai da ya yi sanyi. Ban yi kuka a gaban kowa ba, na ce a raina wannan ginin ne zai biya ni. Ka juya shi saboda rana."

Ya tofar da ganyen a gefe, ya goge bakinsa.

"Ban san maganar hancin ba. Da na sani, da na nemi wata dabara. Na tambayi injiniyan, ya ce juyawa ce kawai, ba abin da zai canja."

"Shi ya sa hannu?"

"Shi ya buga takardar. Ya ce ba zai ɗauka a kansa ba, sai mai aikin ya amince."

"Antezana." Wani sanyi ya ratsa ta, mai kama da daɗi. "Na sani. Tun farko so yake abin ya lalace. Ina takardar?"

"Ki bar takardar."

"Ina take?"

"Griselda, ki ce ni ne. Ki ce tsohon ya ruɗe, ya riƙe zanen a kife. Kowa zai yarda, dama ba na ganin ƙananan rubutu."

"Ka san abin da kamfani zai yi maka? Kotu za su kai ka. Ko bangon bayi ba wanda zai sake ba ka."

"Na gina abin da zan gina."

"Ba zan bar ka ka rufa masa asiri ba. Mutumin da ko hannu ba ya ba ka."

"Ba shi nake rufa wa ba."

"To wa?"

Kaza ɗaya ta leƙo daga cikin keji ta koma.

"Padrino, ban taɓa ɗaga maka murya ba. Kada ka sa in fara yau."

Ya cire hularsa. Ta ɗauka zufa zai share. Sai ya sa yatsu a cikin rufin hular, ya zaro takarda da aka ninke gida huɗu, gefenta ya yi baƙi da maiƙon kai. Bai miƙa mata ba.

"Kafin ki buɗe, ki ji yadda aka yi."

"Ba ni."

"Ranar da muka kafa turaku, mahaifiyarki ta zo. Kwana shida da binne babanki. Ta tsaya can inda ƙofar za ta kasance, rana tana faɗuwa a fuskarta. Ta ce, Zenón, nan ce ƙofar? Na ce nan ce. Ta ce gidanmu ma haka yake, hanya ta tilasta mana, ka faɗa wa mijina tun lokacin bai ji ba. Ta ce na ba ƙofar yamma miji, ba zan ba ta 'ya ba."

"Mama ba ta da hurumin sa hannu a komai. Ko sunanta ba ta iya rubutawa."

"Haka ne."

"To?"

"Na ce mata ni ba ɓarawo ba ne, ba na taɓa zane sai da izinin mai shi. Na ce ta yi miki magana. Ta ce in ta yi miki magana za ki yi mata bayanin iska har gari ya waye. Ta karɓi takardar ta tafi. Bayan kwana uku ta dawo min da ita."

Bayan kwana uku. Griselda ta haɗa shida da uku.

Kwana na tara. Ranar da dangi suka kwashi tufafin mamacin suka kai rafi aka wanke. Ta tuna ruwan har gwiwarta. Ta tuna rigar gonar babanta, shuɗiya, yadda ta yi ta murza wuyanta dattin ya ƙi fita, ita kuma ta ƙi bari. Ta tuna mahaifiyarta ta sauko da baƙin siket ɗinta a tattare, da biro da takarda a ninke, ƙasan kawai a buɗe. Ta ce, Padrinonki ya ce ki sa hannu a fara aiki. Ba ta ko miƙe ba. A kan dutsen wanki ta ɗora ta.

Ta fizgi takardar daga hannunsa ta warware.

Layi huɗu ne. An amince a juya ginin gaba ɗaya, ƙofa ta fuskanci gabas. A ƙasa, sa hannunta, da dogon jan da take yi wa harafin ƙarshe tun tana sakandare. Tawadar ta ɗan baje a inda jiƙaƙƙen yatsanta ya taɓa.

Ta zauna a kan bulo kusa da kwalbar.

"Ka san ban karanta ba?"

"Ranar ban sani ba. Na ɗauka mutuwa ta tausasa ki. Sai da muka kai bango tsayin taga mahaifiyarki ta faɗa min."

"Ba ka kira ni ba."

"Na ɗauki waya sau biyu. Na ce me zan ce mata, in haɗa ta da uwarta tana wata ƙasa? Na ce gini ne dai, ɗakuna suna nan."

"Ni da nake sa ɗalibai su karanta min takardar maganin ciwon kai kafin su haɗiya."

"Ranar ba dakta ba ce a rafin nan. Yarinya ce da rigar babanta."

Ta dubi ginin. Fari, a miƙe, kowane lungu yadda ta zana shi a kan teburin girkin uwarta. Ta yi tunanin kwalabe dubu shida a bayan motar jami'a, da ɗan ƙanwar Antezana yana tambaya ko ana ba su ruwa.

Don Zenón ya matso, ya rage murya.

"Injiniyan bai ajiye kwafi ba. Ya ce ba ya son ganinta a jakarsa. Wannan kaɗai ce."

Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro ashana, ya ajiye a kan gwiwarta.

"Babu takarda, babu sa hannu. Sai tsohon magini da ya yi gaban kansa. A ba ki wata ukunki."

"A kai ka kotu."

"A kai ni. Na san alƙalin, ni na yi masa rufi. Yana yoyo, amma ba laifina ba ne."

"Ba abin dariya ba ne, Padrino."

"Shi ya sa nake yi. Ni na juya shi, 'yata. Wannan ba ƙarya ba ce. Rabin gaskiya kawai za ki faɗa."

"Ɗaya rabin kuma?"

"Ki bar wa uwarki. Ta isa ta ɗauka."

Griselda ta ɗauki ashanar. Ta zaro tsinke ɗaya. Ta dubi tsohon: farin gashi, tsagaggun yatsu, hula a hannu kamar mai jiran hukunci.

Ba ta ji shigowar motar ba. Takun takalmi ta ji a kan tsakuwa, da muryar Doña Primitiva tana cewa, da ƙarfin da ya fi na kullum, "Ga su can wajen kaji, Dakta, bi a hankali, akwai siminti."

Antezana ya ɓullo ta kusurwar ginin, rigarsa a saɓe a hannu. Ya dubi Don Zenón. Ya dubi kwalbar. Idonsa ya sauka a kan tsinken ashanar, ya koma kan abin da ke ɗaya hannunta.

"Har kin samo ta," ya ce.

Ya miƙo hannu.

"Kawo in ga sunan."